Sunan da Mehrun Ta Zaro

Tun da sassafe hadari ya fara haɗowa daga wajen duwatsun arewa, amma Mehrun ta ƙi ɗaga kai. Tana tsaye a bakin ruwa, a wata kasuwar ƙauye ta Sunamganj, inda masu yankan shinkafa ke taruwa kowace safiya a watan girbi, kowa da laujensa a hannu da ƙullin kayansa a kafaɗa, suna jiran manomin da zai ɗauke su. Malamar jami'a ce a Dhaka, masaniyar tattalin arziki. Shekara shida ke nan tana bin irin waɗannan kasuwanni da fom a hannu, tana tambayar 'yan ƙwadago nawa ake biyan su a yini, wa ke yanke ladan, me ya sa na bana bai kai na bara ba.

"Apa, in na faɗi gaskiya za a ƙara mini?" in ji wani dattijo yana tauna ganyen pan, abin da suke ci kamar goro. Apa, wato yaya, haka ake kiran mace da girmamawa a can.

"Ba za a ƙara ba, Chacha," ta ce, wato baffa.

"To rubuta abin da kika ga dama. Ni ma Allah ya ba ni aiki irin naki, in wuni ina tambaya ana biyana."

Sauran suka kwashe da dariya. Yayyafi ya soma, ta buɗe lema. Ba ta gama ɗaga ta ba ta ji an zare ta daga hannunta.

Wani saurayi ne dogo, da igiyar waya a kafaɗa da taɓo har gwiwa. Ya naɗe lemar ya jefar gefe.

"Apa, wannan lemar bakinta ƙarfe ne. In kin gaji da duniya ki bari sai kin koma Dhaka, mu nan aiki ya yi mana yawa."

Sannan ya nuna mata wata rumfar siminti da ke kan tudu, mai doguwar sandar ƙarfe a samanta, inda masu lauje suka riga suka nufa da sauri. Suna shiga aka saki tsawa. Fom ɗin ya suɓuce daga hannunta, ta toshe kunnuwa ta durƙusa a gaban mutane. Ta jira ya yi mata ba'a. Bai yi ba. Ya tsince takardun ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da gefen rigarsa, ya tsuguna nesa kaɗan da ita.

"Nan ba za ta taɓa ki ba. Ni na kafa sandar, ita ke shanye tsawar. Ni ma ba na son ƙarar."

Sai a lokacin ta dube shi sosai. Idanunsa manya ne masu sanyi, irin na wanda ya daɗe bai yi dariya har cikinsa ba. Zuciyarta ta yi wani irin motsi da ta ji kunyarsa. Don ta ɓoye, ta yi abin da ta saba.

"Sunanka?"

"Ni ma fom za a cika mini? To. Rokonuddin, ɗan marigayi Moksed Ali, daga Char Moyna, can Kurigram. Rokon ya isa."

Alƙalamin ya tsaya a hannunta. Ta san sunan nan. Ta san shi fiye da yadda ta san nata. Kuma a saninta, mai sunan ya shekara huɗu a kabari.

Ga yadda abin ya kasance. Lokacin tana haɗa digirinta na uku, ita da abokin aikinta Dokta Shahed sun so su gane abin da zai faru in talakan arewa ya samu kuɗin motar zuwa girbin fadamun Sunamganj, inda lada ya ninka na gida. Tikitin ba zai isa kowa ba, kuma ƙa'idar irin wannan bincike ita ce kada mai bincike ya zaɓa da son ransa. Sai aka yi ƙuri'a. Maza ɗari shida suka ba da suna, aka naɗe takardu aka zuba a jan bokiti a filin makarantar Char Moyna. Mehrun ce ta riƙa zarowa tana karantawa a lasifika. Duk sunan da ta kira sai a yi tafi.

Bayan girbi aka koma aka tambayi kowa yadda ya ƙare. Mutum ɗaya ne aka rasa, lamba 214. Wanda ba a samu ba kuwa cire layinsa ake yi, a ci gaba da lissafi. Haka aka koya mata, haka ita ma take koyarwa. Sakamako ya fito da kyau, mujallar masana ta buga, aka ba ta aiki a jami'a. Sai bayan shekara biyu, tana kwashe tsofaffin fom daga kabad, ta ga wani ɗan rubutu da fensir a gefen na 214, da hannun ma'aikacin da ya je gidan: *Tsawa ta kashe shi a gona.*

Ta kai wa Shahed. Ya karanta ya mayar mata.

"Allah ya jiƙansa. Mutum ɗaya cikin ɗari shida, Mehrun. Ba ya canza komai."

Ta mayar da fom ɗin kabad. Tun daga ranar, duk lokacin da sama ta yi baƙi, sai ta ji muryarta a lasifika tana kiran Rokonuddin ɗan Moksed Ali, ta ji tafin, ta ji santsin 'yar takardar a yatsunta. Akwai wata takardar kusa da ita. Da ta matsa yatsa kaɗan, da wata ta zaro.

Yau ga Rokonuddin a gabanta, yana numfashi, yana miƙa mata shayi a ƙaramin kofi.

Tana komawa masaukinta ta yi nafila raka'a biyu tana kuka. Ma'aikacin ne ya yi kuskure, ta ce wa kanta. Ba ta kashe kowa ba. Da la'asar saƙo ya shigo wayarta, don ya karɓi lambarta da hujjar zai riƙa sanar da ita in hadari na tafe.

*Malama Tambaya, gobe sama a washe take. Lemarki na wurina. Na yanke mata baki, yanzu ta musulunta.*

Ta yi dariya ita kaɗai, irin wadda ta manta tana da ita.

*Injiniya, wa ya ba ka izinin yi wa lemata kaciya?*

*Ni ba injiniya ba ne, difloma ce da ni. Amma in ke kika faɗa na karɓa.*

Mako uku ta yi a fadamun nan, kuma babu ranar da ba su haɗu ba. In ta gama da masu lauje sai ya ɗauke ta a kwale-kwale su zaga sandunan da ya kafa. Aljihunsa kullum cike da ƙwallon giginya. Duk gaɓar da suka sauka sai ya tona ya binne, don giginya in ta yi tsawo ita ke karɓar tsawa maimakon mutum.

"Shekara nawa kafin ta yi tsawon?"

"Ashirin, in akuya ta yi mata afuwa."

"To wa kake dasa wa?"

"'Ya'yanmu." Ya ji abin da ya faɗa, kunnuwansa suka yi ja. "Ina nufin 'ya'yan mutane. Na ƙasa baki ɗaya."

"Na rubuta amsar farko," in ji ta. "A aikinmu ba a canza amsa."

Tun daga ranar ya daina ce mata Apa. Ya koma Mehru, wani lokaci tsuntsuwata, wai don yadda take karkata kai in tana sauraro.

Ana saura kwana biyu ta tafi, suna tsakiyar ruwa da rana tsaka, ta tambaye shi abin da ya kawo ɗan Kurigram wannan aiki. Ya ajiye sandar tuƙi ya daɗe yana kallon wata gona da aka riga aka yanke.

"Can yayana ya faɗi. Babul."

Bai jira ta tambaya ba, ya ci gaba.

"Wasu mutanen jami'a suka zo garinmu da ƙuri'ar tikiti. Ina makaranta a birni, ban ma gan su ba. Yaya Babul ya ba da sunansa ya ba da nawa, wai ko ɗaya zai fito. Nawa ya fito. Ina da jarrabawa, sai na ce masa a waya, je ka da nawa, wa zai sani? Kwana tara ya yi." Ya juyo ya dube ta. "Tikitina ne, Mehru. Ni aka kira."

Ta kawar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Ma, mahaifiyarmu, ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ita matar da ta karanta sunayen take ɗora wa. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ba ya mantuwa. Har yau in aka yi tsawa sai ta ce, Allah ya isa tsakanina da mai lasifika." Ya yi ɗan murmushi. "Ke za ta so ki. Tana son mai yawan tambaya."

A nan ya kamata ta faɗa. Ta buɗe baki, ta dubi hannunsa da ke kusa da nata a bakin jirgin, ta rufe. Gobe, ta ce a ranta. Goben ta zo ta ce jibi. Haka ta hau mota ta koma Dhaka da maganar a cikinta, kuma muryar lasifikar da ta yi mako uku ba ta ji ba ta dawo, yanzu da suna biyu.

*Tsuntsuwata, kin isa? Fadama ta yi shiru. Har dattijon nan mai pan ya tambaye ki, wai ya tuna wata ƙaryar da bai faɗa miki ba.*

*Na isa. Rokon, in ka ji wani abu a kaina wanda ba ka so, za ka tsaya ka ji daga bakina?*

*Na riga na sani. Ba ki iya dafa kifi ba. Na yafe.*

Ta rungume wayar ta yi kuka.

A gida kuwa wata rigimar ke jiran ta. Abbanta, tsohon shugaban makarantar sakandare, shi ya rene ta shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ya daɗe da sa ran za ta auri Dokta Shahed, wanda ke kawo masa magani da jarida duk Juma'a. Da ta ambaci Rokon, ya cire tabarau ya ajiye.

"Ɗan tsibirin yashi? Mutanen da kogi ke cinye gidansu duk shekara biyar? 'Yata, na sayar da gonar kakanki na kai ki karatu don ki auri mai hawa sanda?"

"Mutumin kirki ne, Abba."

"Mai sayar mana da madara ma mutumin kirki ne."

Duk da haka Rokon ya ce zai zo ya gaishe shi. Ya iso Dhaka da farar riga sabuwa da tukunyar kayan zaƙi, ya fara biyowa ta ofishinta. Tsautsayi ya sa Shahed na ciki. Mehrun ta gabatar da su. Shahed mutum ne mai riƙe suna da lamba. Ya dubi tukunyar, ya dubi fuskar Mehrun, ya gane komai, kuma ta ga lokacin da ya yanke shawara.

"Rokonuddin na Char Moyna? Ai kai namu ne, ɗan'uwa. Lamba 214. Ashe kana raye." Ya juyo yana murmushi. "Ba ki gaya masa ba? Ita ce ta zaro ka da hannunta. Murya gare ta a lasifika, ba a magana."

Rokon bai dubi Shahed ba. Ita ya duba. Ya jira ta ce ƙarya ne. Da ba ta ce ba, ya ajiye tukunyar a kan teburinta a hankali, kamar mai gudun tada barci, ya fita.

Kwana goma sha tara ba ta ji daga gare shi ba. Damina ta kankama, kullum sama a rufe. Tana tsaka da koyarwa sai a yi rugugi ta manta abin da take faɗa, ɗalibai na kallon ta. Ta tura saƙo ya fi talatin. Ran na ashirin amsa ta zo.

*Ba zaro takardar ne ya yi mini ciwo ba. Ke kika zaro, ni na miƙa masa, mu biyu ne. Abin da ya yi mini ciwo, na zauna a gabanki na buɗe miki cikina kina kallona. Kuma ko ni na haƙura, Ma ba za ta taɓa yarda ba. Ba zan kai ki gidan in ce ki yi shiru har ta mutu ba. Ki kula da kanki, Mehru.*

Ta karanta sau uku. Washegari ta ɗauki jakar aikinta, ta ce wa Abba za ta arewa, ta hau mota.

Kogin ya cika ya batse. Awa biyu jirgi mai inji ya yi da ita kafin Char Moyna ta bayyana, gidajen kwano a kan tudun ƙasa, ruwa ya kewaye su. Ta wuce filin makarantar ba ta waiwaya ba. Aka nuna mata gidan. Wata tsohuwa siririya cikin farin sari, zanen matan ƙasar, na zaune a bakin ƙofa tana tsince tsakuwa daga shinkafa da yatsu, agwagi na kewaya ta. Ita ce Jobeda, mahaifiyar Rokon.

"Assalamu alaikum, Khala," in ji Mehrun, wato inna.

Yatsun tsohuwar suka tsaya cikin faifan. Ta ɗago idanun da yana ta rufe.

"Sake magana."

"Sunana Mehrun. Daga Dhaka nake. Ni ce..."

"Na san ko ke wace ce." Ta ajiye faifan. "Ke ce mai lasifika. Kuma ke ce wadda ɗana ya rame a kanta, ya ƙi gaya mini dalili. Ashe mutum ɗaya ce."

Mehrun ta durƙusa a taɓon ƙofar. Ta yi tsammanin zagi, har ta so a zage ta. Sai tsohuwar ta ce:

"Shekara huɗu ina tanadin abin da zan faɗa miki. Da daɗi na shirya shi. Yanzu kin zo muryarki na rawa kamar ta 'yar akuya a ruwa." Ta gyara zama. "Da kika ji ya mutu, me kika yi?"

"Na mayar da takardar kabad."

"A littafin naku da aka buga, me aka ce a kansa?"

"Ba a ce komai ba, Khala. Wanda ba a samu ba cire shi ake yi."

"Cire shi," tsohuwar ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Waɗanda suka dawo duk an bi su gida-gida. Ina ji ta bango. Kwana nawa ka yi, ina ka kwana, me ka ci. Har sabulu aka ba su. Mutuminku ya leƙo nan, aka gaya masa, ya juya. Masu zaman makoki suka ce in yi haƙuri, liman ya ce ƙaddara ce. Ba wanda ya tambaye ni komai a kan Babul. Ko tambaya ɗaya." Ta miƙo hannu ta laluba jakar da ke kafaɗar Mehrun. "Kina da irin takardar?"

"Ina da ita."

"To fito da ita. Ki yi aikinki."

Mehrun ta fito da fom, ta ɗora a gwiwa. A gurbin da ake sa lamba ta rubuta Babul Miya ɗan Moksed Ali, abin da ƙa'ida ta hana. Ta fara karantawa, tsohuwar na amsawa.

Shekarunsa ashirin da shida. Kwana tara ya yi aiki. A barandar wata makaranta suke kwana, su goma sha huɗu, kuma ya ce akwai mai minshari kamar injin jirgi. Sau uku ake ba su abinci, har da kifi, ya ce bai taɓa ƙoshi haka ba. Kullum da yamma yake kira ta wayar maƙwabta. Manomin ya ƙara masa lada a rana ta huɗu don ya fi kowa sauri. Da hagu yake yanka, tun yana yaro ta yi ta dukan hannun bai daina ba. Ya ce shinkafar can ta kai masa ƙirji. Ya ce zai sayo mata tabarau.

Tambaya kaɗan sai tsohuwar ta zarce da labarin da ba ya cikin fom, Mehrun ta bi gefen takarda tana rubutawa, ta juya baya, ta ɗauko wata. Aka yi ruwa aka ɗauke, suka matsa cikin ɗaki. Da ta zo tambayar ƙarshe sai ta tsaya.

"Shi ke nan, Khala."

"Ƙarya kike. Ta bango na ji, akwai wata a ƙarshe. Karanta."

Hawaye ya hana ta ganin layin, amma ta haddace shi. "In aka sake ba ka tikiti baɗi, za ka koma?"

Tsohuwar ta rufe fuska da gefen sarinta. Kafaɗunta suka daɗe suna girgiza.

"Rubuta e," ta ce daga baya. "Da ya koma. Da ko an ɗaure shi sai ya koma. Na sani tun tuni, ban dai son sani ne."

A haka Rokon ya same su. Maƙwabta sun kira shi a waya cewa wata baƙuwa ta shiga gidansu tun hantsi ba ta fito ba, ya bar aikin da yake yi a Kurigram ya hau jirgin la'asar. Ya tsaya a bakin ƙofa da ruwa na ɗiga daga gashinsa, yana kallon uwarsa da Mehrun a kan tabarma ɗaya, takardu a baje tsakaninsu.

"Kai, dogon banza," in ji Jobeda ba tare da ta juyo ba, don ta san takunsa. "Yarinyar mutane tun safe ba ta ci komai ba. Jeka kamo agwagwa."

Bai motsa ba. "Mehru," ya ce.

"Na yi maka shiru a jirgin nan," ta ce. "Tsoron rasa ka ne. Ba hujja ba ce. Ka yafe mini."

"Ni ma kwana goma sha tara na yi miki shiru."

"Ashirin."

"Kin gani ko, Ma? Komai sai ta ƙirga."

Jobeda ba ta yi dariya ba. "Ban ce na gama da ita ba. Littafin da aka cire shi, a mayar da shi. Sannan a zo a yi mini maganar aure."

Mehrun ta koma Dhaka ta rubuta wa mujallar gyara. Ta bayyana cewa mutumin da aka ce ba a samu ba mutuwa ya yi a wurin aikin da binciken ya tura shi, cewa ta sani shekara biyu ta yi shiru, kuma duk wanda zai auna ribar zuwa girbin fadama ya auna har da tsawa. Da izinin Jobeda ta sa sunan Babul. Shahed ya ƙi sa hannu. Ta aika da sunanta ita kaɗai. Ƙarin girman da take jira a shekarar bai zo ba, wasu abokan aiki suka rage gaisuwa. Ta ji zafin abin ƙwarai, ba ta ɓoye wa Rokon ba.

*Yau an karanta sunayen waɗanda aka ɗaga. Babu nawa. Na shiga banɗaki na yi kuka.*

*Ni na ɗaga ki. Daga yau ke ce shugabar sashen giginya. Albashi: ni.*

*Wannan lada ya yi ƙasa da na kasuwa, Injiniya.*

*Ana ƙarawa a rana ta huɗu in an ga ƙwazo.*

Shahed kuwa kai tsaye ya wuce wurin Abba ranar Juma'a, da jarida da ƙorafi: Mehrun na rusa aikinta da nasa saboda lebura ɗaya. Abba ya saurare shi har ƙarshe, ya nemi a ba shi gyaran ya karanta da tabarau, sau biyu. Bayan baƙon ya tafi ya kira ta.

"Shekara biyu kina ɗauke da wannan a gidana ban sani ba?"

"Na ji kunya, Abba."

"Shi kuma ya sani, yana zuwa nan yana shan shayina." Ya naɗe takardar. "Shekara talatin ina kiran suna a aji. Yaron da bai amsa ba kwana uku, gidansu nake zuwa. Ban taɓa tunanin sai na koya miki wannan ba." Ya share ido. "Kira mini mai hawa sandar. Ki ce ya zo da wata tukunyar, waccan 'yan ofishinku sun cinye."

An ɗaura auren a watan sanyi, bayan an kwashe shinkafar kaka, lokacin da kogi ya janye ya bar farin yashi. An shafa wa amarya kurkum a gidan Abba, ƙawayenta na tsokanar ta wai ta yi bincike shekara shida ta gano miji ɗaya tak. Da mai ɗaurin aure ya tambaye ta ko ta amince, ta amsa sau uku kamar yadda ake yi, ta ukun da kuka. Abba ya damƙa hannunta a na Rokon yana gyaɗa kai.

Washegari jirgi ya kai su Char Moyna. Mata suka tare su a gaɓa, aka rako amarya cikin jan sari har ƙofa. Bayan jama'a sun watse aka yi azahar, Jobeda ta ce ita za ta zuba abinci da hannunta, kada kowa ya taya ta. Ta shimfiɗa tabarma, ta laluba ta jera faranti. Nata. Na Rokon. Sannan ta ɗauko wani tsohon farantin tagulla daga saman kabad, ta cika shi da shinkafa, ta ɗora kan kifi, ta ajiye a gefen hagu, wajen bango.

Rokon ya sunkuyar da kai. Mehrun ta gane ba sai an gaya mata ba: farantin Babul ne, wurin zamansa ne, kuma hannun tsohuwar ne ya yi abin da ya saba kafin ta tuna. Babu na huɗu a tabarmar.

Jobeda ta tsaya da ludayi a hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta tura farantin a hankali har ya taɓa gwiwar Mehrun.

"Ci, Bouma," ta ce, sunan da uwa ke kiran matar ɗanta. "Na riga na zuba."

Mehrun ta sa hannu ta ɗebi loma, tana haɗiye ta da hawaye. Tsohuwar ta laluba ta dafa kanta da hannu ɗaya, ta dafa na Rokon da ɗayan.

"Allah ya jiƙan wanda ya tafi. Ku kuma Allah ya bar ku tare, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya sa duk wanda ya fita a cikinku ya dawo."

"Amin, Ma," suka ce tare.